Cikin da Mama Ta Gani

Litinin, da hantsi

Likitar abinci ta ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina, da abin da ya biyo baya. To ga shi. Shayi rabin kofi. Dafaffen ƙwai ɗaya, na bar gwaiduwar don tana tsaya mini a ƙirji. Abin da ya biyo baya kuwa, takardar nan ba ta yi mini laifin da zan ɗora mata shi ba.

Mama, uwar mijina, ta iso jiya da akwati biyu da buta tata ta kanta. Rufin gidanta ne yake yoyo, za ta zauna da ni har a gama gyara. Shi yana can wurin aikin gada, inda sai ya hau tudu waya take shiga, kuma ba yanzu zai dawo ba.

Ba ta san komai ba. Haka muka yi da shi tun ranar da likita ya faɗi sunan abin, sikilerodama, ya ce ciwo ne da ke sa fata ta yi tauri ta ɗame, yatsu su lanƙwashe, baki ya tsuke, hanji ya yi kasala. Fiye da shekara goma ina gidan ɗanta babu haihuwa, hirarmu ba ta taɓa wuce ina kwana da lafiya lau ba. In ƙara mata da ciwo? Ya ce a bari tukuna. Ni ma na ce a bari.

Talata, da yamma

A shagon tabarau da nake aiki, na'urar sanyi daidai kaina take. Kafin rana ta yi tsaka yatsuna sun yi fari fat, ko ƙyallen goge gilashi ba na jin na riƙe. Abokiyar aikina, wadda muke kira Rediyo don ba ta da wurin kashewa, ta ƙura mini ido ta ce fuskata ta yi sumul ba ko tamoji, wai in faɗa mata man da nake shafawa, in daina rowa. Na ce mata mai tsada ne, ba za ta iya ba.

Abincin rana a ɗakin ajiya nake ci, tsakanin kwalaye. Ba na son a ga yadda nake gutsuttsura ayaba kamar zan ba tsuntsu. Ayaba rabi, madarar asibiti kurɓi kaɗan.

Bai kira ba.

Alhamis, da safe

Na yi amai bayan shayi. Na buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe, amma da na fito Mama tana tsaye a bakin ƙofa da butarta. Na gaishe ta. Ba fuskata take kallo ba. Cikina ya kwana a kumbure, rigar barci ta ɗame shi, ni kuma ko mayafi ban yafa ba.

Juma'a, da la'asar

Yau an karɓe tsintsiya daga hannuna. Matar da take bin bayana da yatsa tana duba ƙura a kan taga, ita ce ta ce in zauna, ta sa mini matashi a baya. Na ɗauka gatse ne, ina jiran sauran maganar. Sai ta zauna kusa da ni, har gwiwarta tana taɓa tawa, ta rage murya.

"Na gani, 'yata. Ba sai kin faɗa ba. Na san ba a saurin faɗa, balle wanda aka daɗe ana jira. Ni ma bakina a rufe yake."

Sai da ta tashi ta shiga kicin na gane abin da ta gani. Amai da safe, ƙin abinci, ciki ya fito, fuska tana sheƙi. Ko ni aka nuna wa wata a haka, abin da zan ce ke nan.

Ya kamata in bi ta kicin ɗin a lokacin. Na zauna da matashin a bayana. Tunda na zo gidan nan ba ta taɓa ce mini 'yata ba, kuma na ji daɗinsa, ba zan yi wa littafi ƙarya ba.

Asabar, da rana

Ban faɗa mata ba.

Asabar, da yamma

Ya kira. Da na ba shi labari ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Na ji iska kawai tana kaɗawa a wayar. Can ya ce in bar ta ta ɗan ji daɗi, in ya dawo ma faɗa mata tare. Na tambaye shi yaushe ne zai dawo ɗin. Ya ce me na ce, ba ya ji. Layin ya yanke, ko kuma an yanke shi, Allah ne masani.

Shi yana kan tudu yana ba da shawara. Ni ce a ɗaki ɗaya da ita.

Lahadi, bayan azahar

Shinkafa da wake, faranti har da tozo, an yanka kabeji da ɗanyar albasa a kai. Duk abin da likitar abinci ta ce in yi nesa da shi saboda kumburi, Mama ta tara shi wuri guda kamar ta ga takardar. Ta ce yanzu cin mutum biyu zan riƙa yi.

An ce in ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, mai laushi, kada in cika ciki. Na san wannan kamar sunana. Amma ta ɗauko nata farantin ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta fara ba ni labarin lokacin da take da cikinsa, yadda ta tsani warin sabulu har ta kori babansa daga ɗaki, yadda ya fito da kai kamar kabewa unguwarzoma tana yi mata tsiya. Na yi dariya har fatar gefen bakina ta tsage. Ban san Mama tana da ban dariya ba. Shekara da shekaru ina cin abinci ni kaɗai a gidan nan, ko da yana gari, don ya gaji da jira na gama.

Na ci fiye da rabi. Zuwa la'asar cikina ya yi tam, ko numfashi sai da dabara. Ta kalle shi ta yi hamdala.

Litinin, da safe

Ta ga bulo biyun da muka sa a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, don kada abinci ya riƙa dawo mini wuya in na kwanta. Ta ce wane shashanci ne wannan, so nake in zame in faɗo? Ta kira maƙwabcinmu ya cire su. Na tsaya ina yi masa sannu.

Ƙirjina kamar an zuba barkono.

Talata, da yamma

Asibiti. Na ce wa Mama kaya za mu lissafa a shago, zan yi latti.

Na hau sikeli, nauyina yana nan inda yake, har na fara murna. Likitar abinci ba ta ko kalli lambar sosai ba. Ta ce sikeli ba ya bambance tsoka da kumburin ƙafa da abin da ya tsaya a hanji ya ƙi wucewa, duk haɗawa yake ya faɗa. Ta zaro tef irin na tela ta zagaya damtsena, ta ba ni wani ƙarfe ta ce in matse iya ƙarfina. Na matse har idona ya kawo ruwa, allurar ma'aunin da ke jikinsa da ƙyar ta motsa.

Ta ce naman jikina ne yake tafiya a hankali, cikin yana rufe mini ido. In aka sake aunawa damtsen ya ƙara raguwa, za a zura mini siririn bututu ta hanci a riƙa ba ni abinci ta nan. Ta tambayi wa yake dafa abinci a gida. Na ce ni. Ta karɓi littafin nan za ta duba, na ce na manta ban rubuta komai ba, na mayar da shi jaka.

A motar haya wata mata ta tashi ta ba ni kujera. Na zauna.

Alhamis, da hantsi

Magungunana sun ɓace daga aljihun tebur. Na birkice ɗakin kaf kafin na ji ta daga falo tana cewa in daina wahalar da kaina, suna wurinta. Wai mace a irin halin da nake ciki ba ta shan ƙwayoyi barkatai, su da suka haifi nasu ko na ciwon kai ba su sha ba. In na sauka lafiya ta ba ni kayana.

A cikin ledar da ta ɗauke akwai na ƙwannafi, akwai wanda ke rage ƙwayoyin cutar da suka yi yawa a hanjina, akwai babban, na ciwon kansa, wanda likita ya sa na yi alkawarin ba zan ɗauki ciki ina shansa ba. Da ƙaramin da nake sha kullum don cika wannan alkawari. Duk a rubuce suke a jikin kwalayen.

Ba ta iya karanta ƙananan rubutu sai da tabarau, nata kuwa ƙafarsa ta karye tun ranar da ta zo, ta ba ni in kai shago. An gyara shi tun shekaranjiya. Yana cikin jakata.

Juma'a, da yamma

Rediyo ta gano, wai. Ta ce tun tuni ta sani, ido ne ba ta so ya yi mini yawa. Kafin a tashi Oga da kansa ya jawo mini kujera mai hannu, ya sa an karkatar da na'urar sanyi gefe. Tun bara nake roƙon a karkatar da ita, ana ce mini masu sayen kaya ba sa son zafi.

Haushi ya kama ni har na kasa yi masa godiya. Daga baya na tuna ban taɓa faɗa musu dalilin roƙon ba. Duk da haka haushin bai tafi ba.

Bai kira ba.

Lahadi, da rana

Gudawa tun jiya. Wake kuma.

Ban faɗa mata ba.

Litinin, da la'asar

Ban je aiki ba. Na ɗaga hannu zan taje kaina, hannun ya ƙi tsayawa a sama. Mama ta karɓi matajin ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta yi mini kitso, manya-manya don kada in gaji. Uwata ta rasu ina ƙarama, na manta yadda ake jin gwiwar babba a kafaɗa. Hannunta yana warin albasa da man shafawa. Tana yi tana ƙananan waƙe-waƙe a maƙoshi.

Da ta gama ta kama damtsena, yatsunta suka kusa haɗuwa. Ta ce wannan yaro ɓarawo ne tun bai fito ba, duk abin da na ci shi yake kwashewa, halin ubansa. Ta ce fatata ta yi tauri, za ta nemo mini mai. Ta tashi ta ƙaro mini abinci.

Na yi kuka a banɗaki, famfo a buɗe. Ba ciwon nake wa kuka ba. In na faɗa, tsintsiyata za ta dawo hannuna, in koma ina kwana, lafiya lau. Wannan nake tsoro fiye da bututun, kuma na san mai hankali ba zai ce haka ba.

Laraba, da safe

Tari ya hana ni sakat, abu mai tsami yana hawowa har hanci. Na jera matasai uku na jingina a zaune. Da ta leƙo ta ce haka ita ma ta yi a watannin ƙarshe.

Shayi kurɓi biyu. Ba abin da ya zauna.

Alhamis, da yamma

Ya kira, na ce masa ta kwashe magunguna. Ya ce in saya wasu in ɓoye a shago mana, abu mai sauƙi. Komai a wurinsa mai sauƙi ne. Na tambaye shi ko ya san kullum sai ta shafa cikina ta yi addu'a kafin ta kwanta. Wannan karon iska ba ta kaɗawa, na ji numfashinsa sarai.

Ya ce, "Ki yi haƙuri." Na ce da me zan ci shi, da cokali ko da hannu?

Talata, bayan azahar

Asibiti. Damtsen ya ragu. Ba sai ta faɗa ba, na ga inda babban yatsanta ya tsaya a kan tef ɗin.

Ta ja kujera ta zauna gabana, ta ce ba ta yarda ni nake dafa abinci ba, kuma ba ta yarda ina shan magani ba. Na buɗe baki zan kare kaina, sai labarin ya zubo gaba ɗaya, har kitson. Na ɗauka za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Ta ba ni takardar share hanci, ta jira na gama.

Ta ce dakatar da babban maganin nan ba wasa ba ne, yau ɗin nan sai na ga likita kafin in tafi. Game da bututu kuma za ta ɗaga mini ƙafa zuwa mako mai zuwa, da sharaɗi ɗaya: mai riƙe da tukunya ta san gaskiya. Ta ce, "Matar nan tana ciyar da wanda babu shi, ke kuma da kike nan kina ƙarewa."

Likita ya wanke ni tas, ya rubuta wasu magungunan. Na karɓa na sa a jaka, kusa da tabarau.

Laraba, da la'asar

Na faɗa.

Tana kicin tana tsince wake a tire. Na tsaya a bakin ƙofa har ta ɗago ta ce in zauna mana, tsayuwa ba ta yi mini ba. Na miƙa mata tabaraunta, na ɗora sabon kwalin magani a kan tiren. Ba ta duba ba, ni take kallo.

"Mama, ba ciki ba ne. Ciwo ne. Hanjina ne ba ya aiki sosai, shi ya sa yake kumbura."

Ta ce in daina irin wannan magana, ba kyau. Na miƙa mata hannuwana na ce ta miƙar da yatsun in za su miƙu. Ta kama, ta gwada ɗaya, ta gwada na biyu. Na buɗe bakina iya inda yake buɗuwa na nuna mata. Na faɗa mata abin da wake yake yi mini, da bulon gado, da ƙwayoyin da ke wurinta, da bututun. Na faɗa mata da wanne ne ba a ɗaukar ciki in ana sha.

Ta daɗe tana kallon waken. Sannan ta ce, "Shi ya sani?"

Na ce ya sani.

"Tun yaushe?"

Na ce tun bara.

Ta ajiye tiren a hankali, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Ta shiga ɗakinta ta fito da ledar magungunana ta ɗora a kan tebur, ta koma ta tura ƙofa.

Alhamis, da rana

Ba a kunna murhu ba yau. Madarar asibiti, rabin kwalba.

Alhamis, da yamma

Ta kira shi. Ta bayan ƙofa ban ji kalmomin ba, sai dai muryar, ba ta ɗaga ta ba kuma ba ta tsaya ba. Bayan nan wayata ta yi ta ƙara. Ban ɗauka ba.

Na share falo. Ba wanda ya karɓi tsintsiyar.

Juma'a, da safe

Ina kwana, Mama. Lafiya lau.

Asabar, da hantsi

Ta fita da sassafe da wata babbar jaka da ban taɓa gani ba, daga ƙarƙashin gadonta ta jawo ta. Na leƙa ta taga. Zip ɗin bai rufe duka ba, gefen wani ɗan bargon jarirai mai launin ruwan ƙwai yana leƙowa, da takardar shago a jikinsa. Ashe duk fitar da take yi da rana wai duba masu gyaran rufi, kasuwa take zuwa.

Ta tsaya a bakin titi tana canza jakar daga hannu zuwa hannu. Na ga tsufanta yau. Ban san inda zan sa kaina ba, na koma na zauna a bakin gado. Akwatunanta suna nan, na duba.

Asabar, da la'asar

Ta dawo da jakar a naɗe a hammata, babu komai ciki. Ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya a kaina ta ce in faɗa mata abin da matar asibitin ta ce in ci, ɗaya bayan ɗaya, kada in tsallake. Na faɗa. Ta ce in maimaita na ƙarshen. Ta wuce kicin.

Na ji ƙarar murhu, na ji ana daka abu a kwano. Ta fito da dankali da ta dafa ya yi lugub ta murje shi da ƙwai da ɗan mai, a ƙaramin kwanon da muke zuba gishiri. Ta jawo kujera, ba kusa sosai ba. Fuskarta a ɗaure.

"Ban yafe muku ba tukuna, ke da shi. Kun bar ni ina kashe ki da hannuna ina hamdala."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce in yi mata shiru.

Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro wani abu a cikin ledarsa, ta yage ledar da haƙori. Ɗan cokali ne na roba, mai laushin baki, irin na jarirai. Ta ce ta mayar da kayan, mai shagon ta karɓi komai, wannan ne kawai ita ta hana. Ta ɗauraye shi a kofin ruwana, ta ɗebo dankalin, ta hura.

"Buɗe iya inda zai buɗu."

Ya shiga bai taɓa gefen bakina ba. Na haɗiye, ta jira ya wuce, ta ɗebo wani.